TARIHI MADUBI: Yadda Faransa ta saɓa alkawari a Munik

  

Duk wanda ya taɓa zama hira da tsofaffi ya ji ana faɗin "zamanin yaƙin Hitila". Ya ji labarin samarin da anka ɗiba soja anka ƙetare teku da su, waɗansu sunka komo, waɗansu ko har abada. Amma ba kowa ya san abin da ya gudana kafin a harba bindiga ta farko ba. Yaƙi ba ya faɗowa daga sama kamar ƙanƙara. Kafin shi an yi shekaru ana zama, ana rubuta takardu, ana sa hannu. Wanga wata za mu duba aikin ministoci da jakadun Faransa a Turai daga 1919 zuwa 1939. Maganar ta shafe mu, don lokacin nan ƙasarmu tana hannun Faransa, abin da anka yanke a Paris yana iske mutum har bukkarsa.

Jigon labarin guda ne. Faransa ta ɗauki alkawarin kare ƙananan ƙasashe, amma ba ta yi tanadin abin cika shi ba. Da ranar biya ta zo, sai ta biya da gonar wani.

An ci yaƙi, an rasa samari

Yaƙin duniya na farko ya ƙare cikin 1918. Faransa tana cikin waɗanda sunka yi nasara, amma ta rasa sojoji wajen 1,400,000. Da wuya ka sami ƙauyen da ba a kafa dutse anka rubuta sunayen mamatansa ba. Arewacin ƙasar, inda ma'adinai da masana'antu suke, ya zama kufai. Bayan haka ga maganar yawan jama'a: Faransa tana da mutum wajen miliyan 40, maƙwabciyarta Jamus ko ta wuce miliyan 60.

Ran 28 ga Yuni 1919 anka sa hannu kan yarjejeniyar Versailles. An ce sojan Jamus kada su wuce 100,000. An hana ta jiragen saman yaƙi. An kuma ce yankinta na bakin kogin Rhin, wanda ke daf da Faransa, kada sojanta ko ɗaya ya zauna cikinsa. Sai dai takarda ba ta tsare kanta. Amurka ta koma gida, majalisarta ta ƙi amincewa da yarjejeniyar. Ingila kuma tsibiri ce, hankalinta yana ga teku da ƙasashen da take mulki. Faransa ta duba ta ga ita kaɗai ce ke kwana ƙofa ɗaya da Jamus.

Ku riƙe wanga tsoro, don shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Galibin shugabannin Faransa na 1938 sun ga wancan yaƙi da idonsu. Édouard Daladier, wanda za mu ji sunansa nan gaba, soja ne a fagen Verdun.

Abokai a gabas, ganuwa a gida

Dabarar jakadun Faransa ita ce su nemi abokai a bayan Jamus, ta yadda in ta juyo yamma, a kama ta ta gabas. Sunka ƙulla da Polan cikin 1921, da Cekoslobakiya cikin 1924, da Rumaniya cikin 1926, da Yugoslabiya cikin 1927. Cikin 1925 anka ƙara ɗaure alkawarin Cekoslobakiya: in Jamus ta faɗa wa ɗaya babu dalili, ɗayar za ta kawo gudummawa nan take.

To, ga inda gizo ke saƙa. Faransa ba ta da iyaka da waɗannan ƙasashe. Jamus ce tsakaninsu. Ba ta da hanyar taimakonsu sai ta fito daga gida ta kai wa Jamus hari. Amma manyan sojanta sun yanke cewa ba za su ƙara tura samari gaba a rafke su kamar 1914 ba. Daga wajen 1930 sunka shiga gina wata babbar ganuwa ta siminti da ƙarfe a bakin iyakar Jamus, wadda anka ba sunan ministan yaƙi André Maginot. Tana da ramuka ƙarƙashin ƙasa, da igwa, da rumbunan abinci, har da ƙaramin jirgin ƙasa.

Kun ga ke nan hannun dama yana rubuta "zan zo in cece ka", hannun hagu yana gina katanga don a zauna bayanta. Kamar mutum ne ya yi wa maƙwabcinsa alkawarin gudummawa in ɓarayi sun zo, sa'an nan ya toshe ƙofar gidansa da laka. Muddin ɓarawo bai zo ba, ba mai ganin aibin wanga tsari.

Hitila yana gwada zurfin ruwa

Ran 30 ga Janairu 1933 Hitila ya zama shugaban gwamnatin Jamus. Shekarar nan ya fid da ƙasarsa daga Majalisar Ƙasashe ta Janeba, wadda ita ce Majalisar Ɗinkin Duniyar wancan zamani.

Akwai ministan harakokin waje guda da ya gane haɗarin da wuri, sunansa Louis Barthou, tsoho mai shekara 72. Cikin 1934 ya zagaya manyan biranen gabas yana ɗinke zumunci, ya kuma jawo Tarayyar Sobiyet, wato Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita. Ran 9 ga Oktoba 1934 anka harbe shi a Marseille tare da baƙonsa, Sarki Alexandre na Yugoslabiya.

Wanda ya gaje shi, Pierre Laval, ya fi son ciniki. Cikin Janairu 1935 ya tafi Roma neman Musolini, shugaban Italiya, ya tsaya tare da Faransa. Cikin abin da ya miƙa har da wani zirin ƙasa a arewacin Cadi, wato Awzu, don a haɗa shi da Libiya wadda Italiya ke mulki. Ba a tambayi mutanen wurin ba. Yarjejeniyar ba ta kai ga aiki ba, amma ta bar rigima tsakanin Cadi da Libiya, wadda sai cikin 1994 kotun duniya ta yanke ta, ta ba Cadi gaskiya. Musolini ya kuma fito daga wanga zama da fahimtar cewa an sakar masa mara game da Habasha. Ran 3 ga Oktoba 1935 ya faɗa mata. Faransa da Ingila sunka yi ta jan ƙafa, har Laval da ministan Ingila Samuel Hoare sunka shirya a ɓoye a ba Italiya babban rabo na ƙasar. Asiri ya tonu. Ƙarshenta Habasha ta faɗi cikin 1936, Musolini kuma ya koma wajen Hitila. An yi biyu babu.

Ran 2 ga Mayu 1935 Laval ya sa hannu kan yarjejeniyar taimakon juna da Tarayyar Sobiyet, amma ba a bari sojojin ƙasashen biyu sunka zauna sunka tsara yadda taimakon zai kasance ba.

Babban gwaji ya zo ran 7 ga Maris 1936. Hitila ya tura soja cikin yankin Rhin da anka hana. Bataliya 3 kaɗai sunka ƙetare kogin. Gwamnatin Faransa ta tambayi Janar Gamelin, babban hafsan soja, ko za a iya korarsu. Ya ce sai an kira dukan mazajen ƙasa ƙarƙashin tuta. Zaɓe ko saura mako bakwai, baitulmali kuma ba ƙarfi. Anka tambayi Landan, Ingila ta ce ba ta yaƙi kan wanga. Sai anka kai ƙara Majalisar Ƙasashe, magana ta mutu can.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga ranar nan Jamus ta fara gina tata ganuwa a yamma, hanyar da Faransa za ta bi ta ceci abokanta ta ƙara toshewa. Beljik ta duba ta ce ita ta zama ƴar ba ruwanmu. Cikin Maris 1938, da Hitila ya haɗiye Ostiriya, Faransa ba ta ma da gwamnati, don wadda ke ci ta sauka kwana biyu kafin sojan Jamus su shiga.

Daren Munik

Yanzu sai Cekoslobakiya. Ƙasa ce mai mulkin zaɓe, mai ƙwararrun soja, da ganuwa cikin duwatsun bakin iyaka, da babbar masana'antar makamai ta Skoda. Amma cikin waɗannan duwatsu, yankin da ake kira Sudet, akwai mutum wajen miliyan 3 masu harshen Jamusanci. Hitila ya ce sai an ba shi yankin, in ba haka ba yaƙi.

Daladier ya zama shugaban gwamnatin Faransa cikin Afrilu 1938, Georges Bonnet kuma ministan harakokin waje. Daladier ya san Hitila ba zai tsaya nan ba, ya ma faɗa wa Ingilishi haka. Bonnet ko ya ƙudura a kauce wa yaƙi ko ta halin ƙaƙa. Shugaban sojan sama, Janar Vuillemin, ya ziyarci Jamus cikin Agusta, ya komo ya ce in an kara, jiragen Faransa ba za su wuce mako biyu ba. Ingila kuma, wadda ba ta da alkawari da Cekoslobakiya, ta ƙi tabbatar wa Faransa cewa za ta shigo. Tarayyar Sobiyet tana da nata alkawari da Cekoslobakiya tun 1935, amma an rubuta cewa ba zai yi aiki ba sai Faransa ta fara motsawa. Ashe duk igiyoyin a hannun Paris suke.

Faransa ta bar wa firaministan Ingila, Neville Chamberlain, jan ragama. Ya tafi wajen Hitila ran 15 ga Satumba, ya koma ran 22. Tsakanin tafiyoyin biyu, daren 21 ga wata, wajen ƙarfe 2, jakadun Faransa da Ingila sunka je wa shugaban Cekoslobakiya, Edvard Beneš, da saƙo: ya ba da yankin, in ya ƙi, yaƙi ya tashi, Faransa ba za ta shiga ba. Ku duba wanga al'amari. Wanda ya tsaya maka lamuni shi ne ya ƙwanƙwasa ƙofarka da tsakar dare ya ce ka miƙa gonarka.

Ran 29 ga Satumba 1938 mutum huɗu sunka zauna a birnin Munik na Jamus: Hitila, Musolini, Chamberlain da Daladier. Ba a gayyaci Tarayyar Sobiyet ba. Wakilan Cekoslobakiya suna birnin, amma ba a bar su sunka shiga ɗakin ba. Bayan tsakar dare anka sa hannu, sa'an nan anka kira su anka karanta musu hukunci. Daga 1 zuwa 10 ga Oktoba sojan Jamus sunka karɓe yankin da ganuwarsa, ba su yi harbi ko ɗaya ba.

Daladier ya komo gida yana tsammanin za a yi masa ihu. Da jirginsa ya sauka a filin Le Bourget, sai ya tarar da dubban mutane suna tafi da murna. Ran 4 ga Oktoba majalisar dokoki ta goyi bayansa da ƙuri'a 535, masu ƙi 75 kaɗai. Kada mu yi saurin zagin waɗannan mutane. Uwaye ne da matan da ba su son a sake ɗibar musu ƴaƴa da mazaje. Amma a Cekoslobakiya, sunan da anka ba wanga zama shi ne cin amana. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Wata goma sha ɗaya

Zaman lafiyar da anka saya ya yi wata 11 kacal. Ran 6 ga Disamba 1938 ministan harakokin wajen Jamus, Ribbentrop, ya zo Paris, shi da Bonnet sunka sa hannu kan takardar zaman lumana. Ran 15 ga Maris 1939 sojan Hitila sunka shiga Prag, babban birnin Cekoslobakiya, inda ba Jamusawa ne masu rinjaye ba. Makaman ƙasar da masana'antar Skoda sunka koma hannunsa.

Nan ne idon Paris da Landan ya buɗe. Ran 31 ga Maris anka ba Polan tabbacin kariya. Amma tambayar da ta hana ruwa gudu tana nan: ta ina za a bi a cece ta? Ƙasa ɗaya ce ke kusa mai ƙarfi, ita ce Tarayyar Sobiyet. Cikin Agusta 1939 anka tura tawagar soja Mosko, Janar Doumenc na Faransa da Admiral Drax na Ingila. Maimakon jirgin sama, sai sunka shiga jirgin ruwa maras sauri. Sun tashi ran 5 ga wata, ba su isa Mosko ba sai ran 11. Ran 14, Marshal Voroshilov ya yi musu tambaya guda: in yaƙi ya tashi, Polan za ta bar sojanmu su ratsa ƙasarta su iske Jamus? Ba su da amsa. Polan ta ƙi, don tana tsoron in sojan Rasha sun shiga ba za su fita ba.

Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, bai manta da an bar shi waje a Munik ba, yana kuma da nasa kwaɗayi. Ran 23 ga Agusta ya ƙulla da Hitila, sunka raba Polan a asirce. Ran 1 ga Satumba Jamus ta faɗa wa Polan. Ran 3 ga wata Ingila ta shelanta yaƙi da ƙarfe 11 na safe, Faransa ta biyo da ƙarfe 5 na yamma. Wanga karo an cika alkawari a baki. A fage kuwa, sojan Faransa sun shiga ƙasar Jamus ƴan kilomita kaɗan, sunka komo bayan ganuwa. Polan ta faɗi cikin mako biyar.

Ran 10 ga Mayu 1940 Jamus ta juyo yamma. Ba ta bi ta ganuwar Maginot ba, ta zagaye ta, ta ratsa dajin Ardennes. Cikin tankokin yaƙin da sunka kutsa Faransa akwai ɗaruruwa ƙirar Cekoslobakiya. Paris ta faɗi ran 14 ga Yuni, anka sa hannu kan tsagaita wuta ran 22. Mako shida ke nan.

Masana tarihi sun rabu biyu kan Munik. Waɗansu sun ce Daladier ya sami lokaci, ya ƙera jirage, ya sayo waɗansu daga Amurka, ya kuma shiga yaƙi da Ingila a gefensa. Waɗansu sun ce Jamus ta fi cin ribar wanga lokaci, Faransa kuma ta yi hasarar abokiya mai ƙarfi da amincin sauran. Abin da ba gardama kansa shi ne, an ba da ƙasar wani don gudun yaƙi, yaƙin kuma ya zo.

Yadda abin ya iske mu

Ba wani ɗan Afirka da ya zauna a Munik. Amma da Faransa ta ga mutanenta ba su kai na Jamus yawa ba, sai ta juyo ga ƙasashen da take mulki. Georges Mandel, ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1938, wanda yana cikin masu ƙin Munik, ya ƙara yawan ɗibar soja a Afirka ta Yamma. Turawa suna kiransu sojan Sanagal, ko da daga Nijar ko Mali ko Gine mutum ya fito. Sun yi faɗa a Faransa cikin 1940. A Chasselay, kusa da birnin Lyon, sojan Jamus sun ware baƙaƙen fursunoni sunka kashe su. Maƙabartarsu tana can.

Bayan faɗuwar Paris, ƙasashen yankinmu sunka rabu. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle ran 26 ga Agusta 1940. Babban gwamna Boisson na Dakar, wanda Nijar ke ƙarƙashinsa, ya tsaya da gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942. Najeriya kuma tana hannun Ingila. Sai iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, tsakanin Damagaram da Kano, ta zama iyakar gaba, anka tsananta tsaronta, fatauci da zumunci sunka sha wuya. Ga aikin tilas, ga karɓar hatsi da bisashe. Sa hannun mutum huɗu a Munik yana cikin abin da ya jawo wa kakanninmu wagga wahala.

Abin ɗauka

Duniya ta sake. Nijar ta sami ƴancin kanta cikin 1960. Tarayyar Sobiyet ta wargaje cikin 1991, Cekoslobakiya ta rabu biyu cikin 1993. Amma darasin bai tsufa ba, kuma ba na manyan ƙasashe kaɗai ba ne.

Na farko, alkawari kaya ne. Kafin ka tsaya wa wani lamuni, a ƙungiyar manoma ko a kasuwa, leƙa rumbunka. Laifin Faransa bai fara daga Munik ba. Ya fara tun ranar da ta rubuta alkawarin da sojanta ba su shirya cikawa ba.

Na biyu, wanda anka yi wa alkawari shi ma kada ya kwanta barci. Cekoslobakiya ta jingina rayuwarta ga takardar wani. Aboki yana da amfani, amma ranar tsanani kowa kansa yake fara dubawa.

Na uku, sulhu alheri ne, amma sulhun da anka yi kan dukiyar wani, ba ya nan, ba ya daɗewa. In ana sasanta rigimar gona ko burtali ko rijiya, a tabbata mai abu yana zaune, an ji ta bakinsa.

Masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci, ga tambaya ku tattauna: da kai ne Daladier, ka ga yaƙi da idonka, jama'arka ba su so, abokinka yana jiranka, me za ka yi? Ku rubuto mana ra'ayinku. Wanda kuma ya gaji labarin kakansa da ya je yaƙin Hitila, ya aiko muna, kada ya ɓace.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.